Man Shafawa Ga Matan Da Haila Ta Yanke Musu: Jawabi Ga Hausawan Fatakwal, Anaca Da Inugu

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta shi a tarurrukan mata na unguwannin Hausawa da ke Fatakwal da Anaca da Inugu. An buga shi a wannan shafi domin magidanta su ma su gani, su kuma karanta wa iyalinsu.



Maganar da ta tara jama'a yau magana ce wadda aka saba lulluɓe ta da mayafin kunya, har ya zamana mace takan shekara goma tana fama da ita ba ta faɗa wa ko da ƙanwarta ta ciki ɗaya ba. To, amma malamai sun daɗe da yanke hukunci cewa ba a jin kunya wajen tambayar addini, haka kuma ba a jin ta wajen neman magani. Saboda haka sai a yi haƙuri da kalmomin da za su fito, domin ba yadda za a yi a bayyana ciwo ba a ambaci wurin da yake ba.

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. Tun zamanin Turawa fatake da mahauta da masu shanu suka biyo jirgin ƙasa zuwa Inugu da Fatakwal, wasu suka gangaro ta kogin Kwara zuwa Anaca, har ta kai ga a cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa wannan zama, da ƙura ta lafa kuma aka komo. Amaren da aka riƙa kawowa daga Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi a cikin shekarun 1980 da 1990, yau su ne kakanni a Diobu da Oyigbo, da Ama Hausa ta Inugu, da wajejen titin Bida a Anaca. Sun manyanta a nesa da gida, ba gwaggo ba inna a kusa da za su tambaya, likitan da ke asibiti kuwa sau da yawa ba ya jin Hausa. Tafintan da za a samu bai wuce ɗan da mace ta haifa ba, ko yaron maƙwabta, wace uwa ce kuwa za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan a gaban ɗanta?

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

A cikin marar kowace mace akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu da mahaifa. Ban da ƙwan haihuwa, suna kuma fitar da wani sinadari cikin jini wanda likitoci ke kira istirojin. Shi ne ke tafiyar da haila, yana taimakon ƙashi ya riƙe ƙarfinsa, shi ne kuma ke sa fatar cikin farji ta kasance mai kauri da laushi da danshi. Tsakanin shekara 45 da 55 ma'ajiyar ƙwan nan takan rage aiki har ta daina. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba ciki ba shayarwa, to, haila ta yanke ke nan.

Abin da ke biyowa baya iri biyu ne, ya kuwa kamata a rarrabe su, gama maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne wanda ke kama jiki duka: wani zafi ya taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe mata murhu, gumi ya jiƙe ta cikin dare, barci ya ƙi, zuciya ta yi saurin ɓaci. Wannan yakan yi 'yan shekaru, ga yawancin mata kuma yakan lafa don kansa. Na biyu shi ne wanda ke tsayawa a gaba da mafitsara, shi kuwa ba ya lafawa, sai dai ya ƙaru da shekaru. Fatar wurin takan yi siriri ta bushe, kamar yadda hunturu ke yi wa leɓe. Ga mace a Fatakwal, garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa sai 'yan watanni, amma tana ɗauke da hunturu a jikinta rani da damina. Sai ƙaiƙayi, sai raɗaɗi, sai zafi lokacin saduwa da miji, wani lokaci har da tsagewa da ɗigon jini.

Akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba. A lokacin ƙuruciya akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikin farji, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Tsamin da suke samarwa shi ke korar miyagun ƙwayoyin cuta. In istirojin ya janye, abincinsu ya ƙare, sai su ragu, tsamin ya tafi, ƙwayoyin cuta na hanji su sami hanyar shiga mafitsara. Wannan shi ne asalin ciwon fitsarin da ke yi wa tsofaffin mata zuwa da komowa, wanda akan kira sanyi, a yi ta sayen kafso a kemis ana sha, ya tafi wata guda ya dawo. Ga tsohuwa kuwa ciwon fitsari ba abin wasa ba ne, yana iya hawa zuwa ƙoda ya shiga jini. Masana sun ƙiyasta cewa wajen rabin matan da haila ta yanke musu suna da wani abu daga cikin waɗannan alamu.

Ba lafiyar jiki kaɗai abin ke taɓawa ba. Uwargida ta fara gudun shimfiɗa saboda azaba, maigida ya ɗauka ƙiyayya ce ko raini, ita kuma kunya ta hana ta bayani. Daga nan sai a fara zargin sammu, ko a ɗora wa amarya laifi, auren shekara talatin ya kama girgiza a kan abin da ɗan bututun mai zai iya gyarawa.

Da yake ba a faɗa wa likita, sai a koma ga abin da aka sani. Masu kayan mata suna kawo hajarsu daga Sakkwato da Kano da Maraɗi har Kudu, kuma ba duka kayansu ne abin zargi ba: dabino da aya da kwakwa da zuma abinci ne, ba su cutar da mai lafiya. Inda gizo ke saƙa shi ne kayan matsi. Alif da bagaruwa da kanwa aikinsu shi ne su tsotse ruwa su ɗaure fata, watau ainihin abin da ke damun matar shi za a ƙara mata. Haka nan wanke ciki da sabulu, ko da ruwan maganin wanke rauni, yana kashe sauran ƙwayoyin nan masu amfani. Mafi muni shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke sa aska a tsaga gaban mace da sunan buɗe hanya. Wani likita mai suna Tahzib ya bi takardun mata 1,443 da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya buga sakamakon a 1983, ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Idan aska ta yi wa yarinya mai cikakkiyar fata haka, ina ga dattijuwa wadda fatarta ta riga ta zama kamar takarda?

YADDA AKA SO MAGANIN, AKA KUMA TSORACE SHI

Tunanin mayar wa mace sinadarin da ta rasa ya daɗe. A 1942 aka ba da izinin sayar da wata ƙwaya mai suna Premarin a Amurka, wadda ake tace ta daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita, Robert Wilson, ya rubuta littafi yana cika baki cewa maganin zai hana mace tsufa, mata kuwa suka yi rububinsa. A 1975 bincike ya nuna cewa shan istirojin shi kaɗai yana kumbura shimfiɗar cikin mahaifa har ya kai ga ciwon daji. Sai aka gano cewa in an haɗa shi da sinadari na biyu, furojestaron, mahaifa takan tsira, kasuwar maganin ta sake buɗewa.

Babbar girgiza ta zo a watan Yuli na 2002. Gwamnatin Amurka ta tsai da wani babban gwaji da take yi a kan mata 16,608 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda an ga ƙarin ciwon dajin nono da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a jijiya ga masu shan ƙwayar da ta haɗa sinadaran biyu. Labarin ya zaga duniya, mata miliyoyi suka watsar da magani, likitoci kuma suka ja hannu. Amma da hankali ya kwanta aka sake duba lissafin. Ƙarin ciwon dajin nonon mace 8 ne cikin kowace 10,000 a shekara. Matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da yanke haila. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da yankewar haila ba, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa in tana da bukata. Abin da ya fi shafar taron yau kuwa shi ne, ƙwayar haɗiya aka gwada, ba man shafawa ba. Duk da haka hukumar magunguna ta Amurka ta sa an buga gargaɗi iri ɗaya mai ban tsoro a kan kwalin kowane maganin istirojin, har da ɗan man da ake sa wa a farji, ba ta kuwa ba da sanarwar janye yawancin gargaɗin ba sai a watan Nuwamba na 2025. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan tsoron wani magani yana hana mata wani.

MAN DA KE TSAYAWA INDA AKA SA SHI

Manomin fadama ya san bambanci tsakanin sakin ruwa ya malale gona duka da ɗaukar guga a shayar da kunya ɗaya da ta bushe. Ƙwayar haɗiya ita ce sakin ruwa, man farji shi ne guga. Ana samunsa a siffa uku: mai a bututu tare da abin turawa, irin su Ovestin, 'yar ƙwaya da ake turawa ciki, irin su Vagifem, da wani zobe mai laushi da ke zama a ciki wata 3 yana sakin magani kaɗan kaɗan. Yadda aka saba amfani da mai ko 'yar ƙwayar shi ne kowane dare har mako 2 ko 3, sa'an nan a koma sau 2 a mako. Ƙanƙantar maganin abin mamaki ce: wadda ta shekara tana amfani da 'yar ƙwayar nan, jimlar abin da ta sa bai wuce miligiram ɗaya da ɗan ɗori ba, watau kwatankwacin abin da mai haɗiya ke sha a rana guda. Abin da ke ratsawa cikin jini kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mai amfani da shi bisa ƙa'ida ba ta bukatar furojestaron.

Cikin 'yan makonni fata takan fara komowa, cikakken amfani kuwa yakan kai wata 3. Game da ciwon fitsari, a 1993 likitoci biyu, Raz da Stamm, suka gwada man a kan mata 93 a ƙasar Isra'ila. Waɗanda aka ba man da ba magani a ciki ciwon ya riƙa kama su kusan sau 6 a shekara, waɗanda aka ba na gaske kuwa bai wuce sau ɗaya cikin shekara biyu ba. A 2022 Ingila ta yarda masu kantin magani su sayar da 'yar ƙwayar ga matan da suka kai 50 suka kuma shekara ba haila, ba sai da takardar likita ba, bayan sun yi musu tambayoyi.

Sai dai a san abu biyu. Man ba ya maganin zafin da ke tasowa ko gumin dare, ba ya kuma ƙarfafa ƙashi. In an daina shi kuma bushewar takan dawo, don haka ba magani ne na mako guda ba, yana iya zama abokin zama na shekaru, likita yana dubawa sau ɗaya a shekara.

Akwai wani nau'in da shi ma ta fata yake shiga, amma aikinsa dabam, a nan ne kuma mutane suka fi ruɗewa. Shi ne filastar da ake mannawa a ƙasan cibiya ko a ɗuwawu, a canja sau ɗaya ko sau 2 a mako, da man da ake shafawa kullum a dantse ko a cinya. Waɗannan suna ratsa fata su shiga jini su zaga jiki duka, su ne maganin zafi da gumi da raunin ƙashi. Fifikonsu a kan ƙwaya shi ne ba sa bi ta hanta da farko, hanta kuwa ita ce ke ƙera sinadaran da ke daskarar da jini. Binciken da aka buga a Faransa a 2007 da na Ingila a 2019 sun sami ƙarin daskarewar jini ga masu haɗiya, ba su same shi ga masu filasta da man fata ba. To, amma tun da jiki duka suke zagawa, duk macen da mahaifarta ke nan tilas a haɗa mata da furojestaron. Wadda ta sayi man fata a kasuwa ta yi ta shafawa shi kaɗai, ta koma kuskuren da aka gano tun 1975. Ba a shafa shi a nono. Zafin Kudu da gumi sukan ɓamɓare filasta, sai a manna ta a busasshiyar fata wadda ba a shafa mata mai ba. Kaka mai renon jikoki kuma ta bari man ya bushe, ta wanke hannu, ta rufe wurin da tufa kafin ta ɗauki yaro, domin a 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an ga ƙananan yara suna tsirar nono saboda gogar fatar masu fesa irin wannan magani.

Wasu za su yi ƙyanƙyami da jin zancen fitsarin goɗiya. Yawancin magungunan da aka ambata yanzu ba daga nan suke ba, ana haɗa su ne a masana'anta daga sinadaran waken suya da na wata doyar daji. 'Yan kasuwar doya kada su yi saurin murna, gama jikin mutum ba ya iya wannan juyi da kansa, ko mace ta ci sakwara safe da yamma ba za ta sami istirojin ba. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa abin da ake sa wa a farji don magani da abin da fata ke tsotsa cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Wadda ta fi son bin ra'ayin da ya tsananta ba ta da asara, tun da man farji dama da dare ake sa shi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Duk jinin da mace ta gani bayan ta shekara ba haila, ko da ɗigo ɗaya ne a zane, na likita ne. Littattafan Malikiyya sun yi bayani cewa jinin mai shekara 50 zuwa 70 a tambayi mata masana a kansa, bayan 70 kuwa ba haila ba ne. Wannan hukuncin salla ne da azumi, malam zai ba da amsarsa daidai, amma ba zai iya ganin cikin mahaifa ba. Galibi bushewar nan ce ke jawo jinin, sai dai kusan mace ɗaya cikin 10 masu irinsa ciwon dajin mahaifa ke gare ta, ga kuma na bakin mahaifa, wanda shi ne na biyu cikin cututtukan dajin da suka fi kama matan Nijeriya. Dukansu in an tare su da wuri ana warkewa. Mai irin wannan jini ba ta taɓa kowane irin istirojin sai an bincika ta. Wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono ko na mahaifa, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, filasta da man fata ba nata ba ne sai ƙwararre ya auna. Mai dajin nono ko man farjin ma sai da shawarar likitan da ke duba ta, akan kuma fara mata da man danshi wanda ba sinadarin a ciki.

Wurin zuwa ba ɓoyayye ba ne. A Fatakwal akwai sashen mata na asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal da ke wajen Choba, da asibitin koyarwa na jami'ar Jihar Ribas, wanda aka daɗe ana kira Braithwaite. A Inugu akwai na Parklane cikin gari da na Ituku-Ozalla. Mutanen Anaca suna da babban asibitin gari, ga kuma na koyarwa a Nnewi. Mace tana da damar ta nemi likita mace, ta kuma tafi da 'yar'uwarta mace mai jin Turanci, ba ɗanta ba. Maganin kuwa a saye shi a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mazauna Anaca sun fi kowa sanin dalili, gama a kan idonsu hukumar ta rufe kasuwar magani ta bakin gada a 2007, zamanin Dora Akunyili, ta kuma sake rufe ta a 2025, duk saboda jabun magunguna.

Saura aikin maigida da na shugabanni. Kuɗin mota da na kati da na magani suna cikin nauyin da aure ya ɗora wa miji, daidai da ci da sha da tufafi, izinin fita kuma a hannunsa yake. Reshen mata na jam'iyya a kowace mazaɓa, tare da sarakunan Hausawa da limamai, suna iya tsai da mata biyu ko uku masu jin Turanci da riƙon asiri, waɗanda za su riƙa raka dattijai mata asibiti a ranar da likitan mata ke zama. Wakilan jama'a a majalisa kuma su matsa a sa man farji cikin magungunan da inshorar lafiya ke biya, tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa.

Za a ba da lokacin tambayoyi bayan maza sun fita. Wadda ba ta son a ji muryarta ta faɗa wa shugabar taro a kunne, ko ta sa a rubuta mata a takarda ba suna.